Tawada a Ruwan Wanki

Tahani ta tsoma tsingaron a bokiti ta ɗago, sai hannunta ya tsaya. Ƙarƙashin lakar da ke zamewa akwai baƙin zane siriri, layi bisa layi, kamar sawun tururuwa. Ta karkata shi wajen haske. Rubutu ne, irin wanda Dakta Mundir ya nuna musu a hoto ranar da aka fara aiki.

Dokar rumfar wanki guda ce. Duk tsingaron da aka sauko da shi daga kan tudu, a tsoma, a duba ciki da baya, sannan a sa buroshi. Mutanen dā da tawada suke rubutu a kan fasasshiyar tukunya, buroshi kuwa ba ya barin tawada. Dakta ya ce duk wadda ta dirza ba ta duba ba, ta kama hanyar gida.

Tun Tahani tana firamare Dakta ke haƙar tudun nan na bayan ƙauyensu, kudu da Madaba. Ya haƙiƙance wani gari ne da Attaura ta ambata, wanda sarakunan Bani Isra'ila da na Mowab suka yi ta ƙwace wa juna. Ya tono ganuwa, ya tono ƙofar gari, amma ko harafi ɗaya bai samu ba da zai faɗi sunan wurin. In bana ma babu rubutu, jami'a ba za ta sake turo shi ba.

Ta hango shi a ɗaya rumfar, ɗalibai sun kewaye shi ana shan kankana ana dariya. Ta yi tunanin yadda za ta ratsa filin nan, a yi tsit, idanu su dawo kanta. In kuma ba rubutu ba ne fa? Ta ajiye tsingaron a kan dutse gefen gwiwarta. Bari su watse tukuna.

"Ke sarauniyar shiru!" in ji Gwaggo Fidda, yayar babanta, wadda ta samo mata aikin. "Ruwan nan ya yi kauri kamar miya. Tashi ki ɗebo wani."

"Gwaggo, wannan na kan dutse kar a taɓa."

Muryar ba ta kai ko'ina ba. Matan na ta kansu, suna musun wadda ta ƙona shinkafa a bikin jiya.

Akwai layi a bakin tanki. Da ta dawo, dutsen babu komai.

"Ga shi nan, malalaciya," Gwaggo ta miƙo mata, tana girgiza buroshi. "Kin bar ɗaya a baya. Mai taurin kai ne, wani baƙin datti ya manne masa, sai da na sa ƙarfi. 'Yan sakandare! Gyale kawai kuka iya gyarawa."

Tsingaron ya yi fes, ja kamar yau aka gasa shi. Tahani ta juya shi, ta sake juyawa. Babu ko ɗigo.

Ta dubi Gwaggo. Yanar ido ta fara rufe mata gani tun bara, kuma a duk rumfar Tahani kaɗai ta sani, don ita ke zura mata zare a allura. Gwaggo tana tsoma kowane tsingaro, ta ɗaga shi sama kamar mai dubawa, saboda masu kallo.

"Lafiya kike kallona kamar kin ga aljani?"

"Ba komai, Gwaggo."

Da inuwa ta karkata Dakta ya zo zagaye, yana dafa sanda, hularsa ta jiƙe da gumi. Ya durƙusa da ƙyar gaban tabarmar shanya, yana juya tsingaro ɗaya bayan ɗaya.

"Uwar Nayif, sannu da aiki," ya ce wa Gwaggo. "Madalla. Wankinki kullum kamar na amarya."

"Allah ya ja kwana, Dakta. Tun kana da baƙin gashi nake wannan aiki."

Ya yi dariya, ya ɗauki jan tsingaron, ya shafa shi da babban yatsa. "Kafaɗar tulu ce. A kan irin wannan suke son rubutu, ga faɗi ga santsi." Ya mayar da shi, ya dubi Tahani. "'Yata, yau ma ba ki ga komai ba?"

Bakin Tahani ya buɗe. In ta faɗa, tawadar ba za ta dawo ba, Gwaggo ce za ta tafi. Ko siffar haruffan ba ta riƙe ba, balle ta zana masa. Gwaggo na can tana murmushi, idonta a gefen fuskar Dakta.

Tahani ta girgiza kai.

"To," in ji shi, yana miƙewa. "Tudun nan ya ƙi magana. Kamar ke."

Matan suka kwashe da dariya.

Da aka tashi, Gwaggo ta tura mata bokitinta da ƙafa. "Zubar a gindin ɓaure, kar a yi asarar ruwa."

Tahani ta ɗauka da hannu biyu, tana takawa a hankali kar ya fantsama. A gindin bishiyar ta tsaya tana leƙa ruwan mai launin toka, har sai da Gwaggo ta ƙwala mata kira mota za ta tashi. Sannan ta karkata bokitin. Ƙasa ta shanye nan take.