Littafi na Goma Sha Biyu

Ɗalibaina goma sha ɗaya ne, duk manyan mata masu shara a wata masaƙa, ina koya musu Turanci daga ƙarfe biyu zuwa huɗu. Amma ranar da muka fara sassan jimla, da na tattara littattafan aiki, sai na ƙirga goma sha biyu. Na ƙarshen ba suna a bangonsa. Na ɗaga shi sama.

"Na wace ce wannan?"

"Malama, mu da ƙyar muke cika ɗaya, wa zai ƙara wa kansa na biyu?" in ji wadda muke kira Sarkin Surutu. Aka yi dariya, na bar zancen.

Aikin ba wuya: ki rubuta jimla da Turanci, ki ja layi ƙarƙashin kalmar da aka nema. Ni kuwa shekara tara ina gyaran irinsa, har idona ya daina karanta jimla, layin kawai yake nema. Ranar darasin suna, mai littafin ta rubuta cewa kofi ya yi nisa da gado, ta ja layi a kofi. Na ba ta maki. Ranar sifa ta ce ɗakin yana da zafi. Na ba ta maki, har da "da kyau". Wata rana kuma ta ce taga ba ta buɗuwa. Kullum in ajiye littafin a kan tebur, kullum in same shi cikin sauran da sabon aiki.

Sauri nake yi koyaushe, saboda Inna. Shekara guda ke nan hankalinta ya gushe, ba ta gane ni, in ta fita ba ta san hanyar dawowa ba. Yayana ya ce in kai masa ita, na ce uwata ba kaya ba ce. Sai na sayi kwaɗo. In zan tafi aji in rufe ta a ɗaki, in gaya wa kaina awa biyu ba komai ba ne. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don kunya nake ji.

Ranar darasin aikatau, mata sun watse, ni kaɗai a aji da ƙarar fanka. Na buɗe littafin, na ga layi a inda ya dace, na sa jan biro na ba da maki. Har na rufe, sai wani abu ya ce in sake dubawa. An rubuta: 'yata tana kulle ni.

Na koma baya shafi-shafi. Kofin, zafin ɗakin, tagar da ba ta buɗuwa, duk na gidana ne. Inna kuwa ko harafi ɗaya ba ta taɓa rubutawa ba, balle Turanci.

Ban san yadda na isa gida ba. Kwaɗon yana nan a rufe yadda na bar shi. Na buɗe, na same ta zaune a bakin gado, ta haɗa hannuwa a cinya kamar mai jiran a kira sunanta. Ta dube ni sosai, irin kallon da na yi shekara ban samu ba.

"Kin duba aikina?"

"Na duba, Inna."

"Daidai ne?"

Na ce, "Daidai ne."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"To, tunda daidai ne, me ya sa maki kawai kike ba ni?"