Hoto na Hamsin

Norma Eklund ta hango ɓarnar tun kafin ta gama hawa tudun ƙarshe, amma sai ta ɗora wa idonta laifi. Shekara sittin da takwas ba wasa ba ce, ga gumi yana shiga ido, ga gwiwar hagu tana ƙorafi tun daga bakin tafki. Ta tsaya ta jingina da sandarta, ta goge tabarau da gefen riga, ta sake dubawa. Doron dutsen nan dai fayau yake, kamar an bi shi da tsintsiya.

"Wendell," ta kira ƙanenta da ke tafe a baya, "zo ka ce mini idona ne yake ƙarya."

"Yaya, ni yanzu ko hancina ba na gani," in ji Wendell, yana haki ƙarƙashin jakar kyamara. "Bari in nemo numfashina tukuna, can ƙasa na baro shi."

Da ya iso ya ɗaga kai, sai wasan ya ƙare. Tsibin duwatsun mahaifinsu babu shi.

Mahaifin nasu, Arvid, ma'aikacin injin yanka katako ne a gindin tsaunukan Cascade. A shekarar 1975 ya sayi wata tsohuwar kyamara ta katako, irin wadda ake lulluɓa da baƙin ƙyalle, ya hau wannan doron ranar sha biyar ga Satumba, ya ɗauki hoton ƙanƙarar Sorrel da ke kwance a ƙetaren kwari, tsohuwar ƙanƙarar da ba ta narkewa ko da bazara. Da shekara ta zagayo ya koma. Tun ranar farko, don kada ya kuskure wurin, ya dasa faffaɗan duwatsu uku kamar na murhu, ya ƙwaƙule ɗan rami a kowanne inda ƙafar kyamara za ta zauna, ya tara wasu duwatsun a kansu har tsayin gwiwa. Kowace shekara a kwashe tsibin, a kafa kyamara, a jira ƙarfe goma da rabi lokacin da inuwar tsauni ke janyewa daga kwarin, a ɗauka, a mayar da duwatsu. Arvid ya ɗauki ashirin da biyu kafin ciwon zuciya ya kwantar da shi. Norma ta karɓa ta ɗauki ashirin da bakwai, har da shekarar da hayaƙin gobarar daji ya sa hoton ya fito kamar ruwan wanki.

Duk darajar hotunan a wurin tsayuwar take. Ka gusa taku biyu, to wani hoto ne dabam ka ɗauka, ba za a iya jera shi da 'yan'uwansa a ga abin da ƙanƙarar ta yi ba. Yau ne na hamsin, kuma na ƙarshe a hannun Norma, domin a watan Nuwamba za a yi mata aikin gwiwa, likita kuwa ya ce ita da irin wannan hawan sai dai a labari.

Suna tsaye cirko-cirko sai suka ji fito. Wani mutum ne ya ɓullo daga bayan dutse, mai kimanin shekara hamsin da biyar, sanye da rigar 'yan sa kai masu gyaran hanyoyin tsauni, fuskarsa tana sheƙi irin na wanda ya yi aikin lada tun da sassafe.

"Barkanku da hawa!" in ji shi. "Dale Ostrander. Kun zo a sa'a, yanzu na gama. Da jiya kuka zo da kun ga ƙazanta. Tsibin duwatsu sittin da uku na rushe a doron nan kaɗai."

Gaskiya ne, akwai ƙazantar. Tun da hoton tafkin nan ya fara yawo a wayoyi, mutane suke tururuwa, kowa ya zo sai ya ɗora duwatsu kan juna ya ɗauki hotonsa da su ya tafi. Norma kanta ta tsani abin, bara har faɗa ta yi da wasu samari a kai. Shi ya sa 'yan sa kai suka ɗauki al'adar duk tsibin da ba alamar hanya ba ne, a sa masa ƙafa. Amma akwai bambanci tsakanin abin da aka ɗora jiya don wasa da abin da ya shekara hamsin yana shan ƙanƙara, kuma ba sai mutum ya yi karatu mai zurfi zai gane shi ba.

"Bawan Allah," in ji Norma, muryarta a kwance tukuna, "cikin sittin da ukun nan, akwai wani gajere mai faɗi, wanda gansakuka ta rufe?"

"Af, wannan! Shi ya fi ba ni wahala. Duwatsun ƙasan har sun manne, sai da na sa sanda na ɓanɓaro su. Wani ma ya huhhuda su, kin ji rashin mutunci."

"Ina suke?"

Dale ya nuna gangaren da ya miƙe har tafki, duwatsu dubu bisa dubu, kowanne kamar ɗan'uwansa. "Na mayar da su inda suka fito."

Wendell ya sauke jakar a hankali ya ja da baya. Shekara talatin ya yi yana tuƙa motar 'yan makaranta, ya san lokacin da ake yin shiru.

"Inda suka fito!" Norma ta buga sandarta a ƙasa. "Kai ka san inda suka fito? Ubana ne ya ɗauko su a bayansa tun kana yawo da gajeren wando! Ka ga dutse ya manne, ka ga gansakuka ta cinye shi, ka ga an huda shi da hannu, duk bai sa ka tsaya ka ce to ko wani yana da dalili ba? Me ke cikin kan naka, auduga?"

"Mama, ki yi haƙuri, amma doka ce. A bar wuri yadda aka same shi."

"To kai ka bar shi yadda ka same shi?"

Norma ta fizge zif ɗin jakar, ta zaro kundin hotunan ta manna wa Dale a ƙirji. Ya fara buɗawa don dole, daga baya ya ci gaba don kansa. A hoton farko ƙanƙara ta cika takardar fal, ta gangaro har ƙasan kwari. Shafi bayan shafi tana ja da baya, duwatsun gefe kuwa ko motsi ba sa yi, kowane tsauni yana daidai inda yake a shafin baya. Kunnuwan Dale suka yi ja.

"Ban sani ba," in ji shi. "Babu shi a taswirar da aka ba mu."

"Kakarka ma babu ita a taswira, sai ka tura ta gangare?"

"Yaya," in ji Wendell yana duba agogo, "goma saura kwata. Ki ajiye sauran zagin, zan tuna miki a mota."

Nan ne abin ya soki Norma da gaske, domin da ta juya ta dubi doron, sai ta ga ba ta san wurin ba. Shekara ashirin da bakwai tsibin take nufa kai tsaye, ba ta taɓa ƙirga taku daga ko'ina ba. Doron ya kai filin ƙwallo tsawo, duk shimfiɗaɗɗen dutse ne mai toka-toka, ga tsakuwa a warwatse. Kunya da haushi suka kama ta.

Dale ya zaro wayarsa. "Idan kin taɓa ɗaukar hoto da waya a nan, za ta nuna mana wurin."

"Za ta nuna maka doron. Doron kuwa ga mu a kansa. Ni tafin hannu nake nema, kana ba ni gona."

Suka gwada da hoton bara. Wendell ya riƙe shi a gaban fuska yana tafiya a karkace kamar ƙaguwa, yana neman inda kan wani dutse na kusa zai dace da tsagar tsaunin nesa. Nan ya yi kama, can ma ya yi kama. Suka rage wurin zuwa faɗin ɗaki babba, daga nan ido ya gaza. Ƙarfe goma da minti biyar.

"Ai ko shatinsa ya kamata a gani," in ji Norma. "Abu ya shekara hamsin a zaune, ya tashi bai bar alama ba?"

Dale ya sunkuyar da kai. "Na watsa tsakuwa a kai. Haka aka koya mana, in ka rushe ka ɓatar da sawun, don kada wani ya gani ya sake ginawa."

Wendell ya saki wata dariya da ba ta da daɗi. "Wallahi malam ka iya aiki. Da ni ne shugabanku da na ba ka lambar yabo, in rataya maka ita da igiya mai ƙarfi."

"Durƙusa," in ji Norma, tana nuna Dale da sanda.

"Na'am?"

"Hannun da ya watsa shi zai kwashe. Ni gwiwata ba ta lanƙwasuwa, kai taka lafiyarta ƙalau, ka nuna mana da safen nan. Durƙusa ka share."

Ya durƙusa kuwa, babban mutum da furfura a gemu, yana share tsakuwa da hannu da hularsa. Wendell ya taya shi daga ɗaya ɓangaren. Norma tana tsaye a kansu tana nuni da sanda, bakinta bai huta ba: nan fa, can fa, a hankali kada ka goge abin da muke nema, da rushewa ce ai da ka gama. Duk inda suka share, gansakuka ce baƙa da koriya ta lulluɓe dutsen. Yatsun Dale suka fara jini, bai daina ba, ita kuma ba ta ce sannu ba.

Goma da minti ashirin da biyu Wendell ya yi ihu. Ƙarƙashin tsakuwar dutsen ya fito fari tas, zagaye kamar faifai, inda tsibin ya kare shi daga rana tun 1975. A cikin farin kuma ga shatin duwatsu uku, ƙasar da ta taru a gefensu ta zana su sarai.

Norma ba ta tsaya murna ba. Ta buɗe ƙafafun kyamarar zuwa layin jan fenti da Arvid ya shafa musu, ta ƙara wa kowace ƙafa tsawon yatsa huɗu a madadin kaurin duwatsun da suka tafi gangare, ta sa kowace a tsakiyar shatinta. Ta ɗaura kyamarar, ta daidaita ta har ɗigon ruwan da ke nuna ko ta karkace ya tsaya a tsakiya, ta shige ƙarƙashin baƙin ƙyallen. A kan gilashin bayan kyamarar duniya ta fito a kife kamar kullum. Ta juya a hankali har kan dutsen kusa ya zauna cikin tsagar tsaunin nesa, daram, yadda yake a hotuna arba'in da tara. Sai inuwa ta janye daga kwarin.

Ta daɗe a ƙarƙashin ƙyallen. Bara akwai sauran farin abu a kusurwar sama, bai fi faɗin yatsa ba. Ta nemi wannan yatsan, ta bi gefen gilashin kaf. Dutse ne tsirara, da wani siririn ruwa yana gangarowa, da kududdufi mai launin ƙasa. Tun isowarsu faɗa ya hana ta duban ƙetare.

"Yaya, lokaci," in ji Wendell.

Ta fito, ta miƙa masa ƙyallen. Ya leƙa, ya fito, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Dale ma ya leƙa, sannan ya kare ido da tafi ya dubi sama, inda ragowar ƙanƙarar ta maƙale can ƙarƙashin ƙololuwa.

"Mama, ai ga ta can," in ji shi da saurin mai son gyara laifi. "Ki ɗan ɗaga kan kyamarar kaɗan kawai, za ta shigo. Ba wanda zai gane."

Kallon da ta yi masa sai da ya ja baya taku ɗaya.

"Ka jefar da duwatsun ubana, ka binne wurinsu, yanzu kuma kana so in yi masa ƙarya a kai? Shekara hamsin ba wanda ya ɗaga kan kyamarar nan. Ƙanƙarar ce ta tafi, mu muna nan inda muke. Matsa, inuwarka tana taɓa mini ƙafa."

Ta zura fim, ta rufe ido ɗaya ta duba agogo, ta danna. Ƙarar ba ta fi ta karya tsinke ba. Hawaye ya zubo mata, na baƙin ciki da na haushi a haɗe, ba ta kuma ɓoye shi ba.

Tana naɗe ƙafafun kyamarar sai ta ji ƙarar duwatsu a bayanta. Dale ne, ya sauka gangaren ya hawo da wani faffaɗan dutse a rungume, yana ƙoƙarin daidaita shi a kan shatin, jinin yatsunsa yana ɓata farin wurin.

"Zan mayar da shi yadda yake," in ji shi. "Ko zan kai yamma. In ya so a kore ni."

Norma ta dube shi, ta dubi ƙetaren kwarin.

"Bar shi," in ji ta. "Wa zai hawo nan ya ɗauki me?"