Igiyar Rifkatu Mai Ƙulli Casa'in

"A ƙirga mana! Na ce a ƙirga, Malam!" Rifkatu ke faɗa, tana kaɗa igiya a gaban hancin Fasto Ishaya. Maganar tana fita a cukurkuɗe saboda ƙwallon dabinon da ke cikin kumatunta.

"Maman Sale, me za a ƙirga? Zaɓen Uwar Zumunta muka zo, ba awon fili ba."

"Ƙulli casa'in! Kwana casa'in ban zagi kowa ba. Ita Asibi ta nuna nata!"

Ni Tani ina bencin gaba. Kunnena na hagu ya mutu, shi ya sa nake zama kusa, ba don gulma ba kamar yadda ake cewa.

Ranar Alhamis ce da la'asar, a 'yar majami'armu da ke ƙauye tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Mu ashirin da uku ne a Zumuntar Mata, kuma tsohuwar shugabarmu ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Zaɓenmu babu takarda, don rabinmu ko sunansu ba sa iya rubutawa. Masu nema su tsaya a gaba, kowace mace ta bi layi a bayan wadda take so. Shi ya sa ya fi na gwamnati zafi, kina juyawa za ki ga wadda ta ƙi ki.

Rifkatu ta daɗe tana son kujerar nan, bakinta ne ya hana. Matar da ta taɓa zagin kwandastan bas tun daga Kiru har Bebeji ba ta maimaita kalma ɗaya ba! Da ta ji za a yi zaɓe sai ta ɗaura ɗamarar zama tsarkakakkiya da ƙarfin tuwo. Ta samo igiyar rama, duk ranar da ta kai dare ba zagi ta yi ƙulli. Ta sa ƙwallon dabino a baki don ya tare harshe. Azumi kuwa sau uku a mako, kuma ko man kaɗe ba ta shafa wa leɓe, don kowa ya gani. Mijinta ya ce shiru kam an samu, amma duk kwanonin gidan sun lotse.

Ɗaya mai tsayawar, Asibi, ba ita ta kawo kanta ba, mata ne suka turo ta. A da burkutu take dafawa, kuma a zamaninta, in dai zagi ne, Rifkatu 'yar koyo ce. Yanzu noman rani take yi, tumatir, can wajen dam ɗin Tiga.

Asibi ta ce, "Ƙanwata, ni ba ni da igiya."

"Kun ji ko? Ba ta da ita!"

Na yi gyaran murya. Tambaya kawai na yi, Allah ya sani. "Rifkatu, ranar da akuyar Hamman ta cinye miki wake, ita ma kin yi mata ƙulli?"

Ta harare ni. "A zuci na yi wannan, Iya. Ba wanda ya ji."

"Ni dai na ji ta katanga. Da kunnen da ya mutu ma."

Mata suka fara tari. Fasto ya duƙar da kai yana gyara takalmi.

Asibi ta ce, "Ku bar dariya, ni ma na bi hanyar nan. Na ciji harshe har ya yi jini. Kwana uku na daure, ran na huɗu na haɗa uwar mijina da kakarta na wanke su tas. Daga nan na durƙusa na ce, Yesu, na gaji, ga bakin nan, ni ya fi ƙarfina. Kullum da safe abin da nake faɗa ke nan har yau."

"Wato kin miƙe ƙafa Allah ya yi miki aikin? Ragwanci!"

"Ina na ga miƙe ƙafa? Kullum ina gona da fartanya ina buɗe wa ruwa hanya. Amma tumatir ba a jan kansa don ya yi tsawo, Maman Sale. Ruwa yake sha, ruwan kuwa ba ni na tara shi a Tiga ba. Jiya ma na daka wa jikata tsawa ba laifinta, na koma na ba ta haƙuri."

"Jiya! Malam, ka ji da kunnenka, jiya-jiya!"

Fasto ya ce, "Na ji. Ke kuma yaushe rabon da ki ba wani haƙuri?"

Rifkatu ta buɗe baki, ƙwallon ya tokare. Ta sake gwadawa, ya tokare. Sai ta tofar da shi, ya yi tsalle a kan siminti ya shige ƙarƙashin ganga.

Jama'a, dam ya fashe. Zagin kwana casa'in ashe ba mutuwa ya yi ba, a rumbu yake. Ta kira Asibi gindin tukunyar giya. Ta ce wa'azin Fasto ko jaki ya ji sai ya yi gyangyaɗi. Ni ta ce mini tsohuwar rediyo mai batir ɗin mutane. Na Asibi da nawa ƙarya ne.

Tana yi mata suna tashi ɗaya bayan ɗaya, suna jeruwa a bayan Asibi. Da ta tsaya shan iska ta waiga, babu kowa a bayanta sai benci. Hannunta ya saki, igiyar ta faɗi. Har na ɗan ji tausayinta, kaɗan dai.

Sai Asibi ta taka a hankali ta je ta tsaya a bayan Rifkatu. Mu kuma da muka riga muka yi layi, muka bi ta zuuu kamar 'yan agwagi. Kafin mu farga, duk muna bayan mai zagi. Fasto ya ƙirga ya sake ƙirgawa, ya ce a ƙa'idarmu Maman Sale ta ci, ashirin da biyu ba hamayya.

Rifkatu ta juyo. "Saboda igiyata?"

"Igiya ai ta tsinke a gaban kowa," in ji Asibi.

"To saboda me?"

"Kyauta. Ni ma ranar da na fi lalacewa aka ɗauke ni. Ki karɓa, gobe da safe mu roƙa tare."

"Kyauta? Ni? Na sha yunwa wata uku, na tsotsi ƙwallo har dasashina ya kumbura, sannan a ba ni abin da ko Iya Tani za a iya ba wa? Ni ba 'yar sadaka ba ce! Ku riƙe kujerarku, sai na ci da gumina!"

Ta sunkuya ta suri igiyarta, ta ratsa layin da ke bayanta tana ture mu da kafaɗa, ta fita ta maka ƙofar langa-langa har ƙurar jinka ta zubo wa Fasto a ka.