Ɗinkin da Na Yi a Rigar Tsere

Mijina Tajuddeen karatun injiniya ya kawo shi Malesiya, amma tseren mota ya ƙare da shi. Ba irin na yaran da ke tayar wa mutane hankali a titi ba. Tsere ne na sana'a, mai lasisi da alƙalai, da motoci irin waɗanda kowa ke saye a kasuwa, sai dai an cire kujerun baya an girke ƙarafuna a ciki kamar kejin kaji. Shekara bakwai yana yi. Da shi muke ci, da shi muke zaune a hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene a unguwar Danau Kota, ni da shi da 'yarmu Ummi. Ni kuwa tun ranar da na fara ganin yadda suke dukan juna da mota a kwana na tsani sana'ar, kuma ban taɓa ɓoye masa ba.

Mutum ne mai zuciya a kusa. A gida sai ka gan shi yana wanke-wanke yana yi wa Ummi waƙa, amma da ya sa hular kwano sai ya koma wani mutum. A watan Yuli wani direba ɗan ƙasar mai suna Adnan ya ture shi daga kan kwalta. Da aka gama tsere bai tsaya cire safar hannu ba, ya bi Adnan har rumfar da ake gyara motarsu, ya maka hular kwanon a gilashin motarsa, ya kai masa naushi a baki. Haƙori biyu aka tsinta a ƙasa. Alƙalai suka ce masa laifi ɗaya ya rage, kowane iri ne, su karɓe lasisinsa. Ga shi kuma wani kamfanin tsere na Japan ya yi masa alkawarin mota a shekara mai zuwa idan ya gama kakar bana lafiya. Wannan kujerar ta Japan ita ce abin da ya yi shekara bakwai yana nema, da ita yake kwana da ita yake tashi.

Ana saura mako guda tseren ƙarshe, wani ɗalibi da ya dawo daga Kano ya kawo mana saƙon surukata, Hajiya Daso: kuka, daddawa, yaji, da wata takarda a ninke, ba ta kai akwatin ashana ba. Da rana ta kira ni.

“Barira, addu'ar tsari ce malam ya rubuta. Ki sa masa a damtsen dama, a cikin rigar da yake wannan haukan da ita. Kada ki gaya masa, kin san halinsa, cewa zai yi camfi ne.”

Na ce, “To, Hajiya.”

Rigar tsere ba riga ba ce kamar sauran. Daga wuya har idon sawu take, yadi uku ne a haɗe, an yi su don kada wuta ta ci. Abban Ummi ya sha gaya mini kada allurata ta taɓa ta. Ko zif ne ya lalace, unguwar Brickfields yake kai ta wurin wani dattijo ɗan Indiya, Uncle Selvam, wanda ke da zare na musamman da ba ya narkewa. A makon ma sai da ya kai masa ya maƙala tambarin wani kamfani a ƙirji. Ni wannan doka haushi take ba ni. Ni da na tashi a gaban keken ɗinkin mahaifiyata, a ce wani tsoho mai tabarau ya fi ni iya riƙe allura?

Ranar Juma'a alƙalai suka duba rigar suka buga mata hatimi. Asabar da safe ya tafi gwajin mota da tsohuwar rigarsa, ya bar sabuwar a rataye. Na sauko da ita, na juya hannun dama, na sa reza na tsaga yadi biyu na ciki, na bar na waje. Sai na tuna irin gumin da yake yi a cikin mota, har matse rigar ake yi. Don kada tawada ta jiƙe, na naɗe takardar a leda sau uku, na bi ta da salatif, na cusa, na ɗinke da zaren da nake saye a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman. Ɗinkin ya yi kyau, ko ni sai na shafa nake gane wurin. Wallahi har daɗi na ji, na ce yau na yi wa mijina abin da babu makanikensa da ya iya yi masa.

Lahadi ƙarfe uku aka saki motoci talatin. Ina tsaye a bayan katangar rumfarsu, na toshe kunne ɗaya. Tun zagayen farko aka fara ɓarin ƙarfe: wata mota ta daki wata, madubi ya yi sama, bamba ta ɓalle tana jan wuta a kwalta. Tajuddeen na uku, Adnan na manne da bayansa yana dukan motarsa a kowace kwana, kamar rago mai neman faɗa. A zagaye na goma sha ɗaya, a kwanar da ke gabanmu, Adnan ya shigo ta ciki bai taka birki ba. Na ji ƙarar a haƙorana. Motar mijina ta juya sau biyu, ta tsaya a gicciye a tsakiyar hanya, wata da ke tafe a guje ta zo ta nutse a ƙofarsa ta dama.

Sai wuta ta tashi daga ƙarƙashi, ta lashe gefen direba gaba ɗaya.

Ina ganin hular kwanonsa tana motsi a cikin wutar. Ƙofar ta lotse, ta ƙi buɗuwa. Na yi ihu har muryata ta ɗauke, wani makanike ya riƙe ni don na fara hawa katangar. Masu kashe wuta suna gudu da tukwanensu, ni kuwa gani nake tafiya suke yi. Daga baya aka ce daƙiƙa ashirin da biyu ya yi a ciki. Ya fito ta tagar ɗaya gefen, ya faɗo ƙasa, hayaƙi na tashi daga jikinsa, yana birgima yana dukan damtsensa na dama da hannun hagu.

Rigar ta yi aikinta. Ƙafafunsa, bayansa, ƙirjinsa, duk ba abin da ya same su sai ja. Wuri ɗaya ne wutar ta samu ƙofa. A asibiti ina bayan labule lokacin da likita ke cire narkakkiyar leda daga cikin naman damtsensa da ɗan hantsaki, guntu-guntu. Ban taɓa jin babban mutum ya yi irin wannan kururuwar ba. Warin ya cika ɗakin, warin nama da na roba. Likitar ta leƙo ta tambaye ni ko na san yadda aka yi leda ta shiga cikin rigar. Takardar ta ƙone ƙurmus, babu alamarta. Na girgiza kai.

Hajiya ba mu gaya mata komai ba, saboda hawan jininta. Duk lokacin da ta kira sai in ce yana wurin aiki.

Kwana goma sha biyu bayan nan wasiƙar alƙalai ta iso. Sun duba rigar, sun ga an tsaga ta bayan sun buga hatimi ko kafin nan, an ɗinke da zaren kasuwa. Sun dakatar da lasisinsa har sai ya faɗi wanda ya yi. Idan shi ne, ko kuwa da saninsa aka yi, shi ke nan, lasisi ya tafi. Mutanen Japan suka ce za su jira wata guda, su ga hannun, su ga lasisin.

Ya karanta wasiƙar a tsaye a falo, hannun na rataye a wuya. Ya ɗaga kofin shayi ya maka a bango.

“Selvam ne! Babu wanda ya taɓa rigar nan sai shi. Ya yage ta garin aiki ya toshe da leda, ko kuma Adnan ya saye shi. Shekara bakwai, Barira! Seven years!”

Sau uku ina buɗe baki in faɗa masa. Na farko ina wanke masa ciwon, na ga yadda fatar ta tattare, na kasa. Na biyu Ummi ta shigo. Na uku babu wanda ya shigo, tsoro ne kawai. Ba dukansa nake tsoro ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Kallon da zai yi mini nake tsoro. Na riƙa gaya wa kaina zai huce, alƙalai za su gaji su bar maganar. Na san ƙarya nake yi wa kaina, amma na ci gaba.

Ranar Alhamis bayan azahar ya ce in kai shi Brickfields, tunda shi ba ya iya tuƙi.

“Abban Ummi, ka bari ka warke tukuna.”

“Magana kawai zan yi da shi. Ɗauko makulli.”

Na ɗauko. Ni na tuƙa shi da hannuna, na bi cunkoson tashar KL Sentral, na samu wurin ajiye mota a gaban wani gidan abinci da suke kira mamak, inda mutane ke cin shinkafa a kan ganyen ayaba. Na ce a raina idan mun tsaya a danja ta gaba zan faɗa. Danja huɗu muka wuce.

Shagon Uncle Selvam ɗan ƙarami ne, a saman bene, rigunan tsere rataye a jere. Yana zaune a gaban kekensa. Da ya ga mijina ya miƙe da fara'a, ya tambayi hannu. Tajuddeen ya jefa masa wasiƙar a fuska.

“Wa ya biya ka?”

Dattijon ya gyara tabarau ya karanta. “Ba ni ba ne, Taju. Tambari kawai na sa. Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa sa zaren kasuwa a rigar direba ba.”

Da hannun hagu Tajuddeen ya naushe shi. Tabarau ya fashe a fuskarsa, jini ya ɓalle daga girarsa, ya faɗa kan teburin yanka, almakashi da ƙwaryar zare suka watse. Tajuddeen ya sa ƙafa ya ture keken ɗinkin, kan keken ya ɓalle ya daki ƙasa. Ya damƙi wuyan rigar tsohon ya buga kansa da bango, ya sake bugawa. Ciwon damtsensa ya buɗe, jini ya fito ta bandeji, ko a jikinsa.

“Da wane hannu ka ɗinka? Da wannan?”

Tsohon yana ƙasa, ya miƙa hannun dama yana kare fuskarsa. Mijina ya take hannun da takalmi a kan siminti. Na ji ƙarar yatsun, ƙas, ƙas, kamar ana karya ƙirare. Ya ɗaga ƙafa zai sake.

“Ni ce!”

Ban san da irin wannan muryar a jikina ba. Ƙafarsa ta tsaya a sama.

“Ni na tsaga ta. Ranar Asabar, da ka tafi gwaji. Addu'a ce Hajiya ta aiko, ta ce in sa maka a damtse. Ni na naɗe ta a leda don kada gumi ya ɓata rubutun. Bawan Allahn nan bai san komai ba.”

Ya sauke ƙafar a hankali. Ya dubi tsohon da ke nishi yana rungume da hannunsa, yatsu uku sun karkace inda yatsa ba ya karkata. Ya dube ni. Kallon da nake tsoro bai zo ba, kuma da ya zo da ya fi mini sauƙi. Fuskarsa babu komai a cikinta. Ya ja baya ya zauna a ƙasa cikin zaren da ya watse, ya jingina da bango.

“Tun yaushe kika san abin da ya ƙone ni?”

“Tun a asibiti.”

“Kuma kika tuƙo ni nan.”

Na cire mayafina na naɗe hannun Uncle Selvam, ina ba shi haƙuri da duk harshen da na iya, shi kuwa ya kau da kai. Maƙwabta sun cika matakala, wani ya riga ya kira 'yan sanda. Babu wanda ya ambaci lasisi ko Japan. Mu duka mun san an gama da wannan, kuma ba alƙalai ne suka gama da shi ba.

Da 'yan sanda suka zo bai yi gardama ba. Suka so su mayar da hannayensa baya, na daman ya ƙi lanƙwasuwa, dole suka sa masa ankwa ta gaba. A bakin matakala ya tsaya, bai juyo ba.

“Labarin nan zai kai Kano kafin gobe. Ki riga kowa kiran Hajiya. Ki ce mata na yi hatsari, wuta ta kama motar, addu'arta ce ta fito da ni da rai. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya.”

Na kira ta ina zaune a cikin mota, a gaban mamak ɗin. Na faɗa mata yadda ya ce. Ta yi salati, ta yi kuka, sannan ta yi hamdala mai tsawo.

“Kin gani ko, Barira? Da ba ki sa ba fa? Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Allah Ya ba ki 'ya'yan da za su yi miki abin da kika yi wa ɗana.”

Na ce, “Amin, Hajiya.”