Kyanwar Tandabawi

Mukhtaru na ɗaure keji na ƙarshe a bayan motarsa sai ga Gwaggo Ɗaso ta fito daga lungu, rungume da kwando. Jan fenti ya riga ya hau bangon gidanta, kamar sauran gidajen wannan layi na unguwar Tandabawi a Makka, kuma gobe motar rusau za ta iso. Mutane sun kwashe kayansu sun bar kyanwoyi, su kuwa da sun ji ƙara cikin gini suke shigewa, ginin ya rufta da su. Shi ya sa duk Juma'a Mukhtaru, direban kai burodi, yake tattara waɗanda ya iya kamawa ya miƙa wa wata ƙungiya a Jidda mai samo musu gidajen riƙo.

Gwaggo ƙawar marigayiya mahaifiyarsa ce. Ɗakin da ta samu a unguwar Kudai, mai gidan ya rantse ba za a shigar masa da dabba ba. Sati uku Mukhtaru yana lallashinta ta ba da Sukkar, farar kyanwarta mai ido ɗaya, tana cewa wadda aka haifa a Harami ba a fitar da ita. Yau ma ba ta miƙa kwandon ba, sai ta shiga gaban mota da shi ta zauna.

A hanya ta tsare shi da tambaya, wa zai karɓa? Ya ce wata ma'aikaciyar asibitin dabbobi ce, 'yar Filifin, Kirista, don haka ba ta iya shiga Makka, a bayan shingen Shumaisi take jiransa. Mukhtaru ya san abin da ke ran Gwaggo. Iƙamarta, takardar izinin zama a ƙasar, ta mutu tun yana goye, kuma duk wanda ya fita sai ya bi ta shingen nan in zai dawo.

Kafin su kai shingen, ya tsaya a wani ƙaramin masallaci don Gwaggo ta sauka ta jira shi. Ta daɗe tana shafa kan kyanwar, har ya fara tunanin da ita za su koma. Tausayinta ya kama shi.

"Yalla, maza ɗauke ta, ɗan nan," in ji ta. "Kada ka bari na duba."

Ya wuce, ya miƙa kejin duka, matar ta ɗora Sukkar a kafaɗa tana yi mata magana da yarensu. Da ya dawo ya tarar da Gwaggo zaune a inuwa inda ya bar ta. Ta tambaya ko matar ta iya riƙo, ya ce ta iya, har ta tambayi sunanta da na mai ita.

"Ita ma matar, nan ne iyakarta?"

"Nan ne, Gwaggo."

Sai ta laluba cikin mayafinta ta fito da gorar Zamzam da take yawo da ita.

"Bi ta da wannan kafin ta yi nisa. Sukkar ba ta san wani ruwa ba. In matar ta ga dama, ita ma ta sha."

Mukhtaru ya dubi layin motocin da zai sake bi, ya karɓi gorar ya tayar da mota.