Katakon Shigezo

Tomeko ta buga sandarta a kan teburin shagon hotuna har kofunan da aka jera suka yi ƙara.

"Kira min mai shagon. Ba kai ba, ubanka."

"Iya, ai Baba ya daina fitowa," in ji Okabe, ɗan mai shagon, yana ta sunkuyawa. "Ya ƙarin haƙuri?"

"Riƙe gaisuwarka. Katakon mijina na zo karɓa."

A shagon nan mijinta Shigezo ya ƙare rayuwarsa yana sassaƙa. A ba shi tsohon zanen Dutsen Fuji cikin ruwan sama, ya fitar da shi layi-layi a jikin katako, a shafa shuni a danna takarda. Nan idonsa ya tafi, nan bayansa ya lanƙwashe. An ƙone gawarsa bisa al'adarsu, gobe za a kai tokar makabarta, ita kuwa so take katakon dutsen nan ya zauna gaban hotonsa a ɗaki, kusa da shinkafa da turaren da ake ajiye wa mamaci. Wannan har wani abin roƙo ne?

Okabe ya sosa ƙeya. "Ya cinye, Iya. In katako ya gaji, kankare shi ake yi a sassaƙa sabo a kai. Shi ma mijinki ya kankare na magabatansa."

"To waɗannan fa?" Ta nuna kofuna da hankici, kowanne da dutsen mijinta.

"Inji ke bugawa."

Ta ɗauki kofi ɗaya, ta ɗora yatsa kan rubutun da ke gefe, irin tsohon rubutun nan mai lanƙwasa da ba ta iya karantawa. "Da sauƙi, tunda kun ji kunya kun bar sunansa."

Yaron ya sake sunkuyawa kawai.

"Yi magana mana, ka haɗiye harshenka ne?"

"Sunan mai zanen asali ne, Iya. Ya mutu tun kafin a haifi kakana. Masassaƙi ba ya sa sunansa."

Ta tuna yadda Shigezo ke riƙe numfashi in ya zo sassaƙa rubutun wannan kusurwa, ko tari ba ya bari ta yi. Duk maƙwabciyar da ta shigo sai ta nuna mata wurin ta ce sunan mijinta ne, yana zaune yana ji, bai taɓa gyara mata ba.

Ta ture labule ta shiga ɗakin aiki. Ga katakon a jingine, fari sumul, ba dutse ba ruwa. A ƙasa ga kwando cike da ɓawon da aka kankare, bakinsa da sauran shuɗi. Ta shimfiɗa ƙyallenta ta durƙusa tana kwasa.

Okabe ya biyo ta da kofi a naɗe. "Ki riƙe wannan, don tunawa."

"Kai wa mai sunan."

A jirgin ƙasa ta ɗora ƙunshin ɓawon a cinya, ta dafe shi da hannu biyu. Ba shi da nauyi ko kaɗan.