Takun Mama a Barandar Ofis

Aikina koya wa kwamfuta gane mutum daga tafiyarsa. Ba ruwanta da fuska. Yanka tafiyar take yi gunduwa-gunduwa, ɗaga diddige, lanƙwasa gwiwa, lilon hannu, sannan ta duba wanne ke bin wanne. Kowa da jerinsa.

Da muke tara misalai, na jawo Mama ta yi mana tafiya a barandar ofis, tana mita wai na mai da ita abin kallo. Lokacin ciwon ya fara cin ta: taku gajere, ƙafar hagu na jan ƙasa, hannun hagu ya daina lilo. Daga nan sai rawar jiki, sai kwanciya, sai Allah ya karɓi abinsa. Na kasa goge ta daga na'urar.

Rannan da hantsi na wuce gaban kyamara. Allon ya rubuta: MAMA.

Na waiga, baranda wayam.

"Dogo!" na ƙwala wa abokin aikina kira. "Wa ya taɓa min na'ura? Wallahi ba na son wasan banza!"

Ya yi dariya. "Haba Malama, wa zai taɓa kayanki ya kwana lafiya? Kuskure ne, sake wucewa."

Na sake, ina wurga hannu da gangan kamar soja. Na'urar ta rubuta sunana. Na yi tsaki, na ɗauki jaka zan fita, na manta da kyamarar. Ina gilmawa, MAMA.

Dogo ya buɗe jerin, ya jera nawa da na Mama. Wannan karon bai yi dariya ba. Diddigen hagu na makara, hannun hagu a sandare, gaɓa bayan gaɓa babu inda suka saɓa.

"Ki ga likita," ya ce a hankali.

"Na'urar da na haɗa da hannuna ce za ta tura ni asibiti? Allah ya kiyaye!"

Amma tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Ni na yi jinyar Mama, na san abin da ke bin wannan takun.

Na koma gida da la'asar. Baba na zaune a falo, bayansa ga ƙofa, yana gyangyaɗi. Na cire takalmi, na taka a hankali don kada in tashe shi.

Bai juyo ba. Da muryar da rabona da jin ta tun rasuwar, ya ce, "Uwar yara, kin dawo?"